Yadda Ake Zaɓar Ƙaramar Bindiga Mai Araha Don Ajiyewa A Mota A Amurka

Ranar da aka fasa min gilashin mota a harabar gidajen hayar da nake zaune a Houston, ɓarawon bai taɓa rediyo ba, bai ɗauki cajar waya ba, ko canjin da ke gefen giya bai kalla ba. Aljihun gaban mota ya buɗe, ya zazzage takardu a ƙasa, ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya yi gaba. Motoci huɗu aka yi wa haka a layinmu a daren. Ɗan sandan da ya zo da safe tambaya ɗaya ya fara yi min: akwai bindiga a ciki? Babu. Amma tun daga ranar na gane abin da masu fasa motoci suke nema a wannan gari, kuma shi ya sa duk ɗan'uwan da ya ce min yana son sayen fistol ya ajiye a mota, ba na fara masa da sunan bindiga.

Wannan bayani na mutanenmu ne da ke zaune a Amurka. Wanda ke Najeriya ya karanta don ƙaruwa kawai, domin Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙe su.

Fara da takardunka

Kafin ka taka ƙofar shagon bindiga, ka tabbata doka ta yarda ka mallaka. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin, wato girin kad, suna iya saya. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi, asalin hukuncinsa haramci ne, in ban da 'yan keɓance-keɓance kamar mai lasisin farauta. Irin wannan kuwa lauyan shige da fice ya kamata ya tambaya, ba mai shago ba. Wanda ba shi da takardun zama, magana ta ƙare. Haka wanda aka taɓa samu da babban laifi, ko laifin dukan iyali ko da ƙarami ne, da mai shan wiwi ko da jiharsa ta halatta ta, don a dokar tarayya har yanzu haramun ce.

Dillali mai lasisi ba zai sayar maka da fistol ba sai ka cika shekara 21, kuma sai a jihar da kake zaune. Zai miƙo maka fom mai lamba 4473 ka cike, ya tura sunanka a bincika a tsarin NICS na hukumar FBI, wanda ya fara aiki a 1998. Sau da yawa cikin 'yan mintoci amsa take zuwa. A nan akwai tarkon da mutanenmu ke faɗawa saboda kara: aboki ya ce, "Don Allah saya min da sunanka, takarduna ba su fito ba." Tambayar farko a jerin tambayoyin fom ɗin ita ce ko kai ne ainihin mai saye. Ƙarya a wurin babban laifi ne na tarayya, ana ɗauri a kansa, kuma mai girin kad na iya rasa zamansa gaba ɗaya. Ka ba shi haƙuri, ku rabu lafiya.

Sai dokar jiharka, da ta hanyar da kake bi

Amurka ƙasa ɗaya ce a taswira, amma a sha'anin bindiga kowace jiha da tata. A Texas tun 2007 aka yarda mutum ya ajiye fistol a motarsa ba tare da lasisi ba muddin ba a bainar jama'a take ba, kuma daga 1 ga Satumba 2021 mai shekara 21 da doka ba ta haramta wa ba yana iya ɗauka a jikinsa ba lasisi. Georgia ta bi sahu a 2022, Florida a 2023. Ka tsallaka California kuwa, mara lasisi sai ya cire harsashi ya kulle bindigar a akwati ko a but, kuma aljihun gaban mota ba ya cikin lissafin akwati ko da yana da makulli. New York da New Jersey sun fi kowa tsanani. Abin da yake halal a Dallas yana iya kwanar da kai a bayan kanta a can.

Akwai dokar tarayya ta 1986 da ta ba matafiyi damar ratsa jiha mai tsanani, da sharaɗin bindigar halal ce a inda ya taso da inda za shi, babu harsashi a cikinta, kuma tana kulle a inda hannu ba ya kaiwa daga kujera. Ratsawa aka ce. Ka tsaya kwana biyu gaishe da 'yan'uwa a unguwar Bronx ta New York, ka fita daga inuwar wannan doka.

Wurare biyu da ake mantawa: harabar gidan waya, har da filin ajiye motocinta, da kewayen makarantun firamare da sakandare, inda dokar 1990 ta shata ƙafa 1,000, sai mai lasisin jihar ko wanda ya cire harsashi ya kulle. Wannan ne ma dalilin da nake ba da shawarar a yi lasisin ko a jihar da ba ta tilasta ba. Ga mai kai yara makaranta kullum, ba ƙaramin abu ba ne. Sannan da yawanmu Uber ko Lyft muke ja, kuma duka kamfanonin biyu sun hana direba ɗaukar makami yayin aiki. Ba ɗauri za a yi maka ba, rufe maka manhaja za a yi, abincinka ke nan. Direbobin tirela su ma su duba ƙa'idar kamfaninsu.

Raba kuɗin kafin ka ga bindigar

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya shiga shago da dala 500 ya fito da bindigar dala 480. Ba akwati, ba kube, harsashi kwali ɗaya. Ni lissafina daban ne: bindigar kada ta cinye fiye da kashi shida cikin goma na abin da ka ware. Sauran na akwatin ƙarfe ne, da kube mai rufe kunama ruf, da harsashin gwaji, da kuɗin aji. Farashi yana hawa yana sauka, amma tsarin rabon ba ya canzawa.

Akwai wani dalilin da ya sa araha take da ma'ana a nan. Bindigar mota wahalalliya ce. Tana shan zafin Yuli, tana shan raɓar damina, tana shan girgiza. In aka sace, asara. In, Allah ya kiyaye, aka yi amfani da ita, 'yan sanda za su tafi da ita a matsayin shaida, ka yi watanni ba ka gan ta ba. Wa zai sa bindigar dala 1,500 a wannan hali?

Zaɓen ita kanta bindigar

Harsashi tukuna. Ka tsaya a kan 9mm. Shi ne mafi arha cikin harsasan kare kai, kowane shago yana da shi, bugunsa a hannu matsakaici ne, kuma shi yawancin 'yan sandan Amurka suke riƙewa yanzu. Arhar harsashi ita ke sa mutum ya riƙa zuwa gwaji, gwajin kuwa shi ne komai.

Girma kuma, kada ƙanƙanta ta ruɗe ka. 'Yar mitsitsiyar nan ta aljihu irin Ruger LCP tana da daɗin ɓoyewa, amma tana fizgar hannu, sabon shiga ba ya iya saita ta da kyau. Tunda mota ce za ta ɗauki nauyin, ɗauki matsakaiciya wadda yatsunka duka za su zauna a mariƙinta.

Cikin masu araha da suka yi suna akwai Taurus G3c, ta kamfanin Brazil, mai cin harsashi 12, wadda ake yawan samu ƙasa da dala 300. Akwai Ruger Security-9 mai cin 15, da Smith & Wesson SD9 mai cin 16, wadda kunamarta ke da ɗan tauri, wasu na ƙorafi, ni kuwa ga sabon hannu ban ɗauke shi aibu ba. Canik TP9 ta Turkiyya ta ɗan fi su tsada da girma, amma kunamarta ta fi laushi. Can ƙasa akwai Hi-Point C9, ƙasa da dala 200, mummuna, mai nauyi kamar bulo, harsashi 8 kacal. Ana yi mata dariya, amma tana tashi, kuma wanda abin da aljihunsa ya kai ke nan ba zan raina masa ba. Wata hanyar ita ce tsofaffin fistol ƙirar Glock da ofisoshin 'yan sanda ke mayarwa in sun sauya makamai. Jikinsu duk a goge saboda kube, amma cikinsu lafiya lau. Sai dai ka lura, da yawansu harsashin .40 suke ci ba 9mm ba, shi kuwa ya fi tsada ya fi bugu.

Libarba fa? Tana da masoya, kuma suna da hujja: ba magazin, ba ja da baya, ka duba da ido ka ga ko da harsashi a ciki. Taurus 856 tana cin shida na .38 Special. Ga wanda hannunsa ba shi da ƙarfin jan saman fistol, ita ce mafita. Illarta harsashi kaɗan, kunama mai nauyi, da tsadar gwaji.

In kana California, New York ko New Jersey, magazin da ya wuce harsashi 10 haramun ne, sai ka nemi samfurin da aka yi don su.

Kada ka saya sai ka harba. Yawancin filayen gwajin harbi suna ba da haya. Ka biya kuɗi kaɗan ka gwada biyu ko uku. Wadda ta burge ka a hoto tana iya cizon tsakanin babban yatsanka da manuni, wadda ka raina ta zauna daram. In ta hannu za ka saya a shagon jingina, sa mai shago ya nuna maka babu harsashi, ka haska cikin bututun ka duba tsatsa ko rami, ka tabbata lambar jikinta tana nan ba a kankare ba. Ta bayan but a filin ajiye motoci, daga hannun wanda ba ka sani ba, mai arhar da ta wuce hankali, bar ta inda ka gan ta. Wataƙila daga motar maƙwabcina ta fito.

Akwatin, wanda shi ne rabin maganar

Ƙungiyar Everytown, mai fafutukar rage kashe-kashen bindiga, ta bi alƙaluman FBI na birane sama da 300, ta gano cewa a 2022 an kai rahoton satar bindiga kusan 112,000, fiye da rabi daga cikin motoci, kuma Memphis ce kan gaba. Wato bindigar da ka ajiye don tsaron kanka ta fi kusa da hannun ɓarawo fiye da ranar da za ka buƙace ta. Aljihun gaba da akwatin tsakanin kujeru roba ce, sukudireba ɗaya ta ishe su.

Abin da ake saya shi ne ƙaramin akwatin ƙarfe mai igiyar waya. Ka zagaya igiyar a ƙarfen ƙafar kujera wanda aka ɗaure da noti a jikin mota, ka tura akwatin ƙarƙashi inda ba a hango shi ta taga. Da dala 30 zuwa 50 ana samu. Na fi son mai lambobi na hannu ko makulli a kan mai karanta yatsa, don zafin mota yana kashe batir. Wanda ake ɗaurewa da noti a cikin akwatin tsakiya ya fi ƙarfi, ya fi tsada. Kada ka tsaya a gaban kanti kana sa bindiga a akwati mutane na kallo. Yi tun kafin ka iso. Kada ka manna tambarin kamfanin bindiga a gilashin baya, talla kake yi wa ɓarayi. Da dare kuma ta shiga gida tare da kai, ta kwana a kulle. Mota ba ɗakin ajiya ba ce.

Mai yara ya ninka hankali. Yaro ɗan shekara uku yana iya danna kunama, kuma minti biyun da ka shiga biyan kuɗin mai sun isa. A Texas laifi ne barin bindiga mai harsashi inda ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta.

Ka ɗauki hoton lambar bindigar da rasit ka adana a wani wuri daban. In an sace, da wannan lambar za ka kai rahoto a ranar.

Gwaji da kulawa

Sabuwa ce ko tsohuwa, harba mata aƙalla 200 na harsashin gwaji mai arha. In tana cijewa bayan an wanke ta an sa mai, mayar da ita. Sannan ka gwada kwali ɗaya na harsashin kare kai mai rami a baki, wanda ke buɗewa ya tsaya maimakon ya ratsa ya sami na baya. New Jersey tana da takunkumi a kansa. Ka shiga aji ko na yini ɗaya ne, domin a can ake koyar da lokacin da doka ta yarda a harba, kuma ya fi ƙunci fiye da yadda ake zato. Wani ya sha gabanka a titi, ya zage ka, ya daki bonet, babu ɗaya a ciki da ya halatta ko nuna bindiga. Wanda ya san zuciyarsa tana kusa a kan sitiyari, gara ya bar wannan sha'ani baki ɗaya.

Duk wata ka fito da ita, ka cire harsashi, ka goge, ka shafa mai kaɗan. Ka jefa 'yar jakar nan mai tsotse danshi a cikin akwatin. Zafin mota ba ya tayar da harsashi, amma danshi yana cin ƙarfe a hankali.

In ɗan sanda ya tsayar da kai

Ka tsaya, ka kashe mota, ka sauke gilashi, in dare ne ka kunna fitilar ciki, hannu biyu a kan sitiyari. A Michigan da North Carolina dole ne mai lasisi ya sanar nan take cewa yana ɗauke da makami. Wasu jihohin sai an tambaya. Ka faɗa a natse, ka faɗi inda take, ka jira umarni, kada hannunka ya motsa sai ya ce. A ranar 6 ga Yuli 2016 a Minnesota, Philando Castile, baƙar fata mai lasisi, ya sanar da ɗan sanda cewa yana da bindiga, cikin daƙiƙu aka harbe shi a kujerarsa, kotu kuma ta wanke ɗan sandan a 2017. Fatarmu ɗaya da shi. Shi ya sa lasisin tuƙina da takardar inshora suke maƙale a abin kare rana na sama, nesa da ƙugu, nesa da ƙarƙashin kujera.

Saura abu ɗaya da ya shafe mu musamman. Da yawanmu muna tura motoci gida ta Legas ko Kwatano, wasu kuma suna leƙawa Kanada ta mota. Kafin mota ta bar hannunka, cire akwatin, ɗaga darduma, duba ramin safaya taya da tsagin kujeru da tocila. Harsashi ɗaya da ya gangara ƙarƙashin kujera, in kwastan suka gan shi a tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, ƙaninka da ya je fito da motar shi zai amsa tambaya.