Yadda ake shirya gasar ƙwallon yara a azumi ba tare da an tashi baram-baram ba

Gasar farko da na shirya wa yaran unguwarmu a nan Jidda ba ta kai wasan ƙarshe ba. Kofin yana nan har yau a saman kabad ɗin shagona na ɗinki, cikin ledarsa, ba yaron da ya ɗaga shi. A wasan kusa da na ƙarshe wani koci ya shigo da yaro mai gashin baki, alhali gasar ta 'yan ƙasa da shekara 14 ce. Ɗaya ɓangaren suka ce ba za su buga ba, iyaye suka shigo fili, murya ta yi sama, mai filin ya kashe fitilu ya ce kowa ya kama gabansa. Na koma gida ana kiran sahur, ban iya cin komai ba.

Daga baya na zauna na duba, na ga laifin nawa ne. Ban rubuta komai ba kafin a fara. Duk rigimar da ta tashi, sai a lokacin nake neman hukuncinta, kuma hukuncin da aka yanke bayan an san wanda zai amfana da shi ba wanda yake yarda da shi. To ga yadda nake yi yanzu, ga duk mai niyyar haɗa wa yaran layinsu gasa a Jidda ko Makka ko Madina.

Ka fara da shekaru, domin nan ne ɓaraka ta fi fitowa. Kada ka ce "'yan sha huɗu" ka yi shiru. Sha huɗu ta wace kalanda? Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, wato a cikin shekara 14 bambancin ya kai wata biyar. Yaron da ya cika 14 a lissafin Hijira bai cika ba a na Miladiyya, kuma kowane koci zai zaɓi lissafin da ya yi masa daɗi. Ka tsayar da rana ɗaya: duk wanda aka haifa kafin ranar kaza, wata kaza, shekara kaza, ba ya ciki. Ka duba iƙama, wato katin izinin zama a Saudiyya, ko takardar makaranta da idonka tun mako guda kafin a fara, ka ɗauki hoton kowane yaro, ka manna a takardar ƙungiyarsa. Mun san halin da wasu gidajenmu suke ciki, akwai yaran da ba su da takarda a hannu. Ni ba na korarsu. Nakan sa a kawo yaron gaban kocin sauran ƙungiyoyi ranar ƙuri'a, wato ranar da ake raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni, tare da wani babba da ya san haihuwarsa. In sun yarda, sun yarda, kowa ya sa hannu. Bayan wannan rana ba a ƙara suna, ba a kuma karɓar ƙorafin shekaru. Wanda ya yi shiru ranar ƙuri'a, ya ci gaba da shiru ranar da aka ci shi.

Sai yawan ƙungiyoyi. Takwas ta ishe ka. Na san za a matsa maka, wannan ya ce yaransa, wancan ya ce ɗan ƙanwarsa, amma ka yi lissafi kafin ka ce to. Ƙungiya takwas, rukuni biyu, huɗu-huɗu: wasa 6 a kowane rukuni, 12 ke nan. Ka ƙara biyu na kusa da na ƙarshe, ɗaya na neman na uku, da na ƙarshe, sun zama 16. In ana wasa biyu a dare, dare takwas ne. Sili-ɗaya-ƙwale ya fi sauƙi, wasa 7 kacal an gama, amma ni na daina shi. Yaron da ya yi mako biyu yana wanke rigarsa yana shanyawa, ya zo ya buga minti 40 aka ci su ɗaya, aka ce ya tafi gida sai baɗi, wannan ba a yi masa adalci ba. A tsarin rukuni ko ƙungiyar da ta fi kowa rauni tana da wasa uku.

Lokacin farawa kuwa, ka bar daren farko da na biyu na azumi, mutane ba su daidaita ba. Ka fara a na uku ko na huɗu, ka tabbata ka gama kafin goman ƙarshe. Da zarar an shiga ƙiyamul laili, iyaye sun koma masallaci, wasu sun tafi Harami, masu shago sun shiga hidimar kayan sallah. Ni kaina tela ne, a goman ƙarshe ko ɗana ba na ganewa. Wasan farko ya kasance bayan an idar da asham da kamar rabin awa, don yaro ya samu ya koma gida ya canza kaya. In makaranta ba ta yi hutu ba, wasan ƙanana ya zo da wuri, ka tura masu zafi zuwa daren Alhamis da na Juma'a.

Ga wani kuskure da kusan kowa ke yi: minti 20 sau biyu da hutun minti 5, sai mutum ya ce 45 ne, ya kama fili na awa ɗaya da rabi don wasa biyu. Ba zai isa ba. Akwai duba takardu, akwai ɗaure takalmi, akwai yaron da ya faɗi, akwai ƙwallon da ta tsallake shinge. Ka ba kowane wasa awa guda cur. Kuma ka rubuta cewa ƙungiyar da ta yi lattin minti 10 an ci ta 3–0. Ranar farko za a gwada ka. A tawa gasar, ƙungiyar da ta fara latti ta layinmu ce, ɗana yana cikinta. Na sa aka busa, aka rubuta 3–0. Bai yi mini magana ba har kwana biyu, amma daga ranar ba wanda ya sake latti.

Ka rubuta yadda za a raba gardama in maki ya zo ɗaya. Uku ga wanda ya ci, ɗaya in an yi kunnen doki, wannan kowa ya sani. Bayan haka fa? Ni nakan sa sakamakon karawarsu da juna a gaba, sannan bambancin ƙwallaye, sannan ƙarancin kati, sannan ƙuri'a. Amma bambancin ƙwallaye nakan yi masa iyaka: ko 9–0 ka ci, uku za a lissafa maka. In ba haka ba, koci zai bar manyan 'yan wasansa a fili su yi ta zuba wa ƙananan yara ƙwallo har golan ya fashe da kuka. Da iyakar, da zarar ya ci uku sai ka ga ya fara sako yaran benci. Wasannin ƙarshe na rukuni kuma, in da hali ka kama fili biyu a daren, a buga su lokaci ɗaya. A gasar cin kofin duniya ta 1982 Jamus ta Yamma da Ostiriya sun shiga fili sun riga sun san sakamakon Aljeriya, aka ci ɗaya aka yi ta gara ƙwallo har aka tashi, su biyun suka wuce, Aljeriya ta koma gida. Shi ya sa daga 1986 ake buga wasannin ƙarshe na rukuni tare. Kada ka ce yara ba za su yi haka ba. Yaran ba za su yi ba, kocinsu za su yi.

Alƙalin wasa ka ɗauko shi daga wata unguwa, ka biya shi a daren, a hannu. Alƙalin da ya zo don Allah, in aka zage shi sau ɗaya gobe ba za ka gan shi ba, kuma ba ka da bakin magana. Kada kai mai shirya gasa ka riƙe usur, kada kuma ƙaninka ya riƙe. Kafin wasan farko ku zauna da shi da koci-koci a faɗi abin da aka tsayar: bakwai-bakwai ne ko takwas-takwas, akwai satar gida ko babu, canji nawa, jan kati wasa nawa yake hanawa. A ƙaramin fili ni ba na sa satar gida, tunda ba masu ɗaga tuta, kuma canji ba iyaka, da sharaɗin duk yaron da aka rubuta sunansa sai ya taɓa ƙwallo a kowane wasa. 'Yan ƙasa da 12 ka ba su ƙwallo mai lamba 4, lamba 5 ta yi musu nauyi.

Iyaye su ne babban aiki. Ka ja igiya, 'yan kallo a gefe ɗaya, benci a ɗaya gefen, ba mai tsallakawa sai koci da mai ruwa. Sannan ka nemi dattijo guda da unguwa ke jin kunyarsa, ka ajiye masa kujera da shayi a bakin igiyar. Namu wani tsoho ne da ya zo ƙasar nan tun muna goye. Wata rana wani uba ya tsallaka yana nuna alƙali da yatsa, sai tsohon ya ce masa, ko tashi bai yi ba, "Alhaji, zo nan ka zauna kusa da ni." Ya ce, "Baba, ai fenareti ce ƙarara." Ya ce, "Na gani. Zauna, ɗanka yana kallonka." Ya dawo ya zauna. Da ni na faɗa masa haka, da an yi ta.

Maganar lafiya gajeriya ce amma kada ka tsallake ta. Yaran nan sun wuni da azumi, sun cika ciki da sambusa da subiya, ga gumin Jidda ko da dare. Ruwa mai sanyi ya wadata a kowane benci, a tsakiyar kowane zagaye a tsaya minti ɗaya a sha. Ka tanadi ƙanƙara da bandeji, ka san asibiti mafi kusa da ke buɗe da dare, mota ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa ba a tare ta ba. Motar asibiti 997 ce. Yaron da ya bugu a ka ya fita, ba ya komawa a daren, ko ya rantse ya warke, ko ubansa ne ya ce a mayar da shi. Lambar wayar uba ko uwar kowane yaro ta kasance a takardar ƙungiya, kuma kada ka bar fili sai yaro na ƙarshe ya samu mai kai shi gida.

Kuɗi kuma, ka raba kuɗin fili da alƙali da ruwa da kofi a kan ƙungiyoyi takwas, kowa ya biya kafin ƙuri'a. Wanda ya ce zai kawo bayan wasan farko, in aka ci shi ba zai kawo ba. Kada ka ɗauki kwali kana bin shaguna da masallatai, a ƙasar nan tara gudummawa ba izini laifi ne. In mai baƙala, wato kantin kayan masarufi, ya ga dama ya kawo katan ɗin ruwa, ka gode masa a lasifika. Ka sanar da umda, wato mai unguwa, tun da wuri, ka kama filin haya mai fitila da shinge, ku rubuta ranaku da awanni da mai filin. Masu sayar da abinci irin su balila da kibda za su zo da kansu, ka nuna musu wuri nesa da raga.

Kyautar kuɗi ba na bayarwa. Da zarar riyal ya shiga, sai yara masu gashin baki su dawo. Kofi ga na ɗaya, lambar wuya ga kowane yaro a ƙungiyoyi takwas ɗin, har wanda bai ci ko wasa ɗaya ba. Yaranmu sun san Usama Hausawi, ɗan Makka da ya tashi a ƙungiyar ƙwallo ta Al-Wahda har ya zama kyaftin ɗin Saudiyya a gasar duniya ta 2018 a Rasha, kuma kowannensu yana ganin shi ne na gaba. Ba na hana su. Abin da nake iya yi shi ne in kira sunan kowa ɗaya bayan ɗaya a daren rufewa, dattijonmu ya rataya masa, uwarsa ta samu hoton da za ta tura Kano ko Damagaram.

Washegari kafin la'asar nake tura lissafi a zauren WhatsApp na koci-koci: abin da ya shigo, abin da ya fita, da hoton kowane rasit. In an samu ragowa, ƙwallo nake saya wa ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe. Ɗana ya ce bana a sauko da tsohon kofin nan na saman kabad a bayar, a huta da sayen sabo. Na ce masa to, amma sai ya kai shi an kankare shekarar da ke jikinsa.