Darasi na 9: Ciwon Kafaɗa da Damuwa Ke Kawowa

Kafin mu fara karatu, kowa ya ajiye fensirinsa. Zauna yadda ka saba zama. Ja numfashi, ka sake shi a hankali, ka bar kafaɗunka su faɗi. Sun sauka? In sun sauka, ashe dama a ɗage suke, kai ba ka sani ba. Duk ajin da na yi wannan gwaji sai na ga kafaɗu da yawa sun sauka, wasu har da ajiyar zuciya. Wannan ɗagewar da ba mu san da ita ba, a kanta darasin yau yake.

Abin da ke faruwa a cikin jiki

Ɗora hannunka na dama a kafaɗarka ta hagu, tsakanin wuya da kan kafaɗa. Naman da ka damƙa wata babbar tsoka ce. Ta taso daga ƙeya, ta bazu zuwa kafaɗu biyu, ta gangara har tsakiyar gadon baya. Likitoci na kiranta tirafiziyas. Ita ke ɗaga kafaɗa, ita ke riƙe allon kafaɗa, tana kuma taya wuya ɗaukar kai. Kan babban mutum kuwa ya kai wajen kilo 5, nauyin ƙananan ledojin ruwan fiya wata guda goma ke nan.

Ka tuna ranar da tayar mota ta fashe kusa da kai. Kafin ka yi tunanin komai kafaɗu sun ɗage, wuya ya noƙe, haƙora sun cije. Haka Allah ya yi jiki domin ya kare kansa. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan nama mai fitar da sinadarai, daga ciki akwai adirenalin da kotisol. Su ke sa zuciya ta buga da sauri, numfashi ya gajarta, tsokoki su yi shirin gudu ko faɗa. Da hatsarin ya wuce sai komai ya lafa.

To amma kuɗin haya ba ya wucewa cikin minti ɗaya. Haka bashi, haka kuɗin makarantar yara, haka mara lafiya a kwance a gida, haka yaron da ya tafi ci-rani wata uku babu waya. Tsokar kafaɗa ba ta san bambancin fashewar taya da zullumin bashi ba. Sai ta ɗaure da safe, ta wuni a ɗaure, ta kwana a ɗaure. A shekarun 1990 masu bincike a ƙasar Suwidin sun manna wa wasu mata na'urar auna aikin tsoka a kafaɗa, suka ba su lissafi mai wuya su yi da ka. Babu kayan da suka ɗauka, amma na'urar ta nuna aikin tsokar ya ƙaru.

Gwada dunƙule hannunka da ƙarfi na minti biyu, za ka ji ya fara zogi. Yanzu ƙaddara tsokar da ta yi wata da watanni a haka. Daga nan ake samun nauyi a kafaɗa, da sagewar wuya, da ƙullutun da in an danna yake zafi, da ciwon kan da ke tasowa daga ƙeya ya ɗaure goshi kamar an naɗa rawani da ƙarfi.

Wata dattijuwa mai ɗinkin hula ta taɓa ce mini, "Malam, ni dai na ɗauka sanyi ne ya shige ni, wata ma ta ce jifa ce." Na ce, "Inna, tun yaushe ya tsananta?" Ta yi shiru, can ta ce, "Tun da aka sa ranar auren autata, ga shi ko gado ba mu saya ba." Jiki magayi. Ciwon Inna na gaske ne, kada wanda ya ce wa mai irinsa raki ne ko son jiki. Sai dai kuma ba ciwon da ya gagari magani ba ne. Kafaɗar ta manta yadda ake sauka, aikinmu shi ne mu riƙa tuna mata.

Numfashi

Da shi za mu fara, domin shi ne mabuɗin sauran. Mai damuwa da saman ƙirji yake numfashi, gajere-gajere, kuma kowane ja sai tsokokin wuya da kafaɗa sun taya. Mutum kan yi numfashi wajen sau 20,000 a rana. Ka ga aikin da aka ɗora wa wuya.

Ɗora hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a cibiya. Ja iska ta hanci kana ƙirga 1 zuwa 4, ka bar ciki ya taso ya turo hannunka na ƙasa. Hannun da ke ƙirji ya zauna kusan shiru. Sai ka fitar da iskar ta baki a hankali, kamar mai hura koko, kana ƙirga 1 zuwa 6. Fitarwa ta fi shaƙa tsawo, wannan ne ke sanar da jiki cewa babu hatsari. Yi sau 6. In ka ji jiri-jiri, ka yi gaggawa ne, sassauta.

Ɗaure, ka saki

Wani likita ɗan Amurka, Edmund Jacobson, ya koyar da wannan dabara tun a shekarun 1920. Ya lura cewa wanda ya daɗe a ɗaure ba ya ma gane a ɗaure yake, sai ya ɗaure da gangan sannan ya saki, ya ji bambancin.

Ɗaga kafaɗu biyu zuwa kunnuwa. Riƙe, ƙirga 5. Sake su gaba ɗaya tare da fitar da numfashi. Kada ka yi saurin maimaitawa. Tsaya ka ƙirga 15, ka saurari yadda wurin ya yi laushi da ɗumi. Wannan sauraron shi ne ainihin darasin, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Yi sau 3.

Miƙa

Zauna a miƙe. Karkatar da kunnen dama zuwa kafaɗar dama, kafaɗar hagu kuma ta zauna a ƙasa. In tana son tashi, kama gefen kujera ko benci da hannun hagu. Ƙirga 20, kana numfashi. Koma ɗaya gefen.

Sannan ka ja haɓarka baya, fuska na kallon gaba, har fatar ƙarƙashin haɓa ta naɗe. Ƙirga 5, saki, sau 5. Daga nan ka matso allunan kafaɗa su nufi juna ta baya, kamar za ka riƙe fensir a tsakaninsu, ba tare da ɗaga su sama ba. Ƙarasa da juya kafaɗu baya sau 10.

Abin da ya kamata ka ji shi ne ja mai daɗi. In ka ji suka, ko wani abu kamar lantarki ya bi hannu, tsaya nan take. Kada ka fizgi wuya, kada kuma ka bari kowa ya murɗe maka shi wai don ya yi ƙara.

Duka waɗannan ba su fi minti 4 ba. Shawarata, kada ka tara su sai dare. Kafaɗar da ta wuni a ɗage ba za ta koyi sauka da darasi ɗaya ba. Haɗa su da abin da ba ka mantawa. Ga Musulmi, bayan sallama a kowace salla, kana nan zaune a kan darduma, sau 5 ke nan a rana ba tare da ka nemi wani lokaci ba. Wanda ba haka ba ya haɗa da lokutan cin abinci da na kwanciya.

Gashi da tausa

Iyayenmu sun san wannan, kuma suna da gaskiya. Tsoma tawul a ruwan zafi daidai wanda fata za ta iya jurewa, matse, ɗora a kafaɗa. In ya huce sake tsomawa, har minti 15 zuwa 20. Mai ciwon suga da tsoho su sa wani ya taɓa musu ruwan tukuna, domin fatarsu na iya ƙonewa ba su ji ba.

Bayan gashi, shafa man kaɗanya ko man zafi. Nemo ƙullutun da yatsu, danna shi daidai yadda za ka iya numfashi cikin natsuwa, ƙirga 30, saki. Tausar da ke sa mutum ihu tana ƙara ɗaure tsoka ne. Mata da miji su yi wa juna, 'ya ta yi wa uwa.

Ana yawan tambayata batun ƙaho. Wasu kan ji sauƙi na ɗan lokaci, amma in damuwa da yanayin zama ba su canja ba, ciwon kan dawo. In za ka yi, ka tabbata wanzami ya buɗe sabuwar reza a gabanka kuma kayansa tsaf suke, domin ciwon hanta da ƙanjamau na bi ta jini.

Gyara yadda ake aiki

Sau da yawa damuwa da sana'a ne ke haɗuwa a kafaɗa ɗaya. Tela, mai ɗinkin hula, mai kitso, ɗan adaidaita sahu, mai latsa waya, duk kansu a sunkuye yake. Gwargwadon yadda kai ya leƙa gaba, gwargwadon aikin da wuya ke yi. Ɗago aikin zuwa ido maimakon kai ido wurin aiki, ka nemi wuri mai haske. Duk rabin awa ka tashi ka motsa ko na minti ɗaya ne. Kada ka maƙale waya tsakanin kunne da kafaɗa.

Jarka mai lita 25 kilo 25 ce. Raba ruwan gida biyu, ko ki riƙa sauya hannu. Wajen daka, ku yi karɓa-karɓa. Wajen kwanciya, matashi ya cike tsakanin kunne da kafaɗa in a gefe kake kwana, kada ya yi tudu har wuya ya lanƙwashe. Kwanciya rub da ciki na murɗe wuya dare guda. Babba na buƙatar barcin awa 7 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato tafiya da ɗan sauri ta minti 30 sau 5. Tafiya na sassauta jiki da zuciya tare.

Batun ƙwaya

Nan ne hankalina ya fi tashi. Farasitamol na taimakawa na 'yan kwanaki: ƙwaya 2 masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 8 cikin awa 24, domin fiye da haka na lalata hanta. Ibuprofen da diclofenac na iya cin ciki su taɓa ƙoda. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu kada su sha sai da izinin ma'aikacin lafiya. Haɗin ƙwayoyin da 'yan talla ke ƙullawa a leda, ba ka san abin da ke ciki ba, ka bar shi. Tiramol kuwa yana kama mutum har ya kasa rabuwa da shi, kuma da yawa daga "maganin gajiya" suka fara. Ƙwaya na rufe bakin ciwo ne na 'yan awoyi, ba ta koya wa kafaɗa sauka.

Lokacin da ba a jira

Ba kowane ciwon kafaɗa ne na damuwa ba. A tafi asibiti nan take:

- in ciwon ya zo da nauyin ƙirji, gumi, haki, ko ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, domin yana iya zama zuciya;
- in wuya ya sage tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman lokacin zafi, domin yana iya zama sanƙarau;
- in hannu ya mutu, baki ya karkace, ko magana ta sarƙe;
- in bayan faɗuwa ne ko hatsari.

A je a ga likita cikin 'yan kwanaki in ana yawan jin kamar ana tsira allura a hannu ko ƙarfinsa ya ragu, in ciwon na tashin mutum daga barci kullum, in ana ramewa ba dalili, ko in hannu ya ƙi ɗaguwa har sa riga ya gagara, abin da ya fi samun masu ciwon suga. Haka in an yi mako 4 ana bin wannan darasi babu sauƙi. A nemi sashen gashi, inda ƙwararru ke koyar da motsa gaɓoɓi. Akwai shi a manyan asibitoci, kamar Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ita damuwar fa?

Miƙa ba ta biyan bashi, na sani. Amma damuwar da aka faɗa wa amini ta fi wadda aka haɗiye sauƙin ɗauka. Tun da yanzu kun iya rubutu, ga wani amfaninsa: da yamma, ba lokacin kwanciya ba, rubuta abin da ke damunka, a gabansa ka rubuta ƙaramin abu ɗaya da za ka iya yi gobe. Abin da ba ya hannunka, ka yi addu'a ka miƙa shi ga Allah. In kuwa mutum ya yi mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki, ba barci, ba ɗanɗanon abinci, ko yana jin gara ma ya mutu, wannan ciwo ne mai magani. A raka shi wurin likita, kada a bar shi shi kaɗai.

Karanta, ka rubuta

kafaɗa, ƙeya, haɓa, tsoka, ƙullutu, damuwa, numfashi

Lura da haruffa masu ƙugiya: ɗ, ƙ, ɓ. Rubuta kowace kalma sau 3, sannan ka yi jimla da "kafaɗa" da kuma "damuwa".

Aikin gida

Ja layi 7 a littafinka, daga Asabar zuwa Juma'a. Duk lokacin da ka yi numfashi da miƙa, sa alama. Kowane dare ba ciwonka maki daga 0 zuwa 10, a gefe ka rubuta kalma ɗaya kan abin da ya fi tsaya maka a rai ranar. Zo da littafin mako mai zuwa, za mu duba ranakun da makin ya hau.