Yadda zaka gane aikin famfon kalsiyam ba sai da hadda ba

Da farko samo takarda da biro ka zana da'ira, ita ce ƙwayar halitta, layin kuma tantanin da ya zagaye ta. A waje rubuta kalsiyam milimola 1 zuwa 2, a ciki nanomola 100 kacal (ma'aunan yawan sinadari a ruwa ne, milimola 1 nanomola miliyan 1 ce), wato na waje ya ninka na ciki sau 10,000 ko fiye, shi yasa da an ɗan buɗe ƙofa sai ya kwararo, tsoka ta ɗame, jijiya ta aika saƙo. Toh wa zai kwashe shi bayan ya gama aiki? Nan famfo ya shigo.

Sai ka zana famfo na farko mai suna PMCA a jikin tantanin, yana ƙona ATP 1 (ATP shi ne makamashin ƙwayar halitta) ya jefar da kalsiyam 1 waje, ba shi da sauri amma ko ɗan kaɗan ne sai ya tsinto shi. A tsakiya zana 'yar jaka, rumbun ajiya kenan, ka ɗora mata famfo na biyu mai suna SERCA, shi kam 2 yake zubawa a rumbu da ATP 1. NCX kuwa, shi ma a jikin tantanin yake, ɗan canji ne kawai, sodiyam 3 su shigo kalsiyam 1 ya fita, ba ya taɓa ATP.

Yanzu ga inda mutane ke rikicewa, ni a ganina kuma nan ne daɗin abun. Famfunan nan da birkinsu suke zaune, sarrafa su kawai sakin birki ne. Yi wa PMCA jela ka lanƙwaso ta ta toshe shi, da kansa yake taka wa kansa birki. Da kalsiyam ya yi yawa sai ya hau kan wani furotin mai suna kalmodulin, kalmodulin ya cafke jelar ya janye, famfo ya kama aiki gadan-gadan, kaga kayan da ake kora shi ke tada mai korarsa. A zuciya birkin SERCA sunansa fosfolamban, in ka tsorata ko kana gudu adirenalin ya zubo sai wani furotin mai suna PKA ya manna wa fosfolamban fosfet ya saki SERCA, kalsiyam ya koma rumbu da wuri, zuciya ta saki jiki da sauri kuma bugu na gaba ya fi ƙarfi tunda rumbu ya cika.

Daga ƙarshe gwada kanka, goge ATP daga zanen ka bi abun da zai faru. Famfo ya tsaya cak, kalsiyam ya taru, zaren tsoka ya kama ya kasa saki, abun da ke sa gawa ta sandare kenan bayan wasu awanni.