Kasuwar bakin ruwa ta Vancouver: ku je ku ba ido abinci, ku riƙe aljihu

Tun da na zo hutu Zariya ba a raba zaurenmu na Tudun Wada da baƙi, yawanci yaran Samaru da Kongo da suka samu gurbin karatu a Kanada. Kowa da hoton da yake nuna min a waya, kuma kusan duk hoto ɗaya ne: kasuwar Granville Island, ga ruwa, ga ƙananan jirage, ga dogayen benaye a tsallake. Tambayar ita ce, "Yaya, da gaske haka wurin yake?" Haka yake. Sai dai na gaji da ganin abin da wurin nan ke yi wa sababbin zuwa, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Zuwa ba wuya. Ka sayi katin Compass na biyan kuɗin bas, ka hau bas mai lamba 50, ko ka shiga ɗan jirgin Aquabus ya tsallaka da kai ruwan False Creek. Kasuwar na ƙarƙashin gadar Granville, a wurin da a da masana'antu ne, aka buɗe ta a 1979. Je ka da safe a tsakiyar mako, don Asabar da Lahadi ba masaka tsinke.

Ba a tayi. Kar ka tsaya jiran a ce maka albarka ko an sallama, kar kuma ka nemi gyara. Abin da aka rubuta shi ne kuɗin. Amma karanta rubutun har ƙarshe, don a nan ake cin 'yan uwanmu da yaƙi: wani abu farashin laba ne, wato giram 454, wani kuma farashin giram 100 ne kacal. Na taɓa tsayawa kusa da wani ƙanenmu gaban mai kifi, ya ga kyafaffen salmon ja wur yana maiƙo a kan ƙanƙara, ya ɗauka lambar da ke jiki kuɗin kilo ce, ya ce a yanko masa babba. Da aka ɗora a sikeli sai na ga murmushinsa ya ɗauke. Kunya ta hana shi cewa a rage, ya miƙa kati. Ƙannena, ba abin kunya ba ne ka ce a rage. Dafaffen abinci kuma ana ƙara masa harajin kashi 5 a wurin biya, sannan na'urar ta tambaye ka tukuici.

Kifi da jatan lande da ƙaguwa, mu Malikawa ba mu da damuwa da su. Inda za ka yi hattara shi ne farar miyar nan mai kauri da ake yi da kayan teku, sau da yawa da naman alade a ciki, haka ma tsiran Turawa da aka rataye reras. Tambaya za ka yi, ba sa jin haushi. In ka fito da abincinka bakin ruwa ka rufe shi da hannu, tsuntsayen tekun nan sun fi shirwa iya fizga.

Cefanen gida kuwa ba a nan ake yi ba. Naman halal, garin masara, manja da attarugu suna shagunan Musulmi da na 'yan Afirka a garuruwan Surrey da Burnaby da ke kusa da Vancouver, kuma mutanenmu, Allah Ya saka musu, ba sa barin baƙo ya yi ta bulayi. Ka je Juma'a ka gabatar da kanka, kafin la'asar an nuna maka komai, wataƙila har da tuwo. Kilishi dai ku bar shi a Zariya. Ba a shiga Kanada da shi, kuma wanda ya ɓoye abinci bai faɗa ba a filin jirgi tararsa na iya kaiwa dalar Kanada 1,300.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutum ya sha iskar bakin ruwan nan, ya ga gidajen da ke kewaye, sai zuciya ta ce nan zan zauna. Daren ranar ya shiga Facebook ya ga ɗaki a unguwar, da hotuna masu kyau, kuɗi kuma rabin na kowa. Mai tallan ya ce ya yi tafiya, ba zai iya nuna ɗakin ba, amma mutane sun yi layi, a turo kuɗin ajiya yau a karɓi makulli gobe. Wani yaro ɗan malami, mai hankali, haka ya tura kuɗin da mahaifinsa ya sayar da fili ya haɗa masa. Ya je gidan da akwatinsa, matar da ta buɗe ƙofa ta ce ba ta taɓa sa ɗaki haya ba. A falona ya kwana har muka samo masa wani wuri. Abin haushin, ya san lambata, bai kira ba, wai kar ya dame ni. Araha dai ba ta ado. Ɗakin da ƙafarka ba ta shiga ba, ko sisi kar ka tura.

Ko mai gidan na gaske ne, san haƙƙinka. A lardin British Columbia, inda Vancouver take, kuɗin ajiya ba ya wuce rabin hayar wata ɗaya, kuma doka ta hana a karɓi kuɗi don kawai ka cike takardar neman haya. A rubuta yarjejeniya, ka karɓi kwafinka. In ka biya kuɗi hannu, ka karɓi rasit. Ranar shiga ku zaga ɗakin tare da mai gidan, ku cike takardar duba gida, ka ɗauki hoton kowane tabo a bango da kowace ƙuna a kafet. Mu mun saba da "ai ba komai, amana ce". To ranar fita babu amana, takardar nan ce za ta yi magana. Bayan ka tashi ka ba shi sabon adireshinka a rubuce, kwana 15 yake da su ya dawo maka da kuɗin ko ya shigar da ƙara a ofishin sasanta 'yan haya. Ƙarin haya sau ɗaya ne a wata 12, da sanarwar wata uku.

Ga tarkon da ba a faɗa muku: in kana haɗa kicin ko banɗaki da mamallakin gidan, dokar haya ba ta rufe ka ba, ofishin nan ma ba zai saurari ƙararka ba. Ɗakunan da suka fi sauƙi da yawansu irin wannan ne. Ba na ce kar ku kama ba, wani lokaci aljihu ne ke zaɓe, amma ku rubuta komai da hannunku, har da kwanakin da za a ba ku in an ce ku tashi, ku sa wani babba cikin mutanenmu ya karanta kafin ku sa hannu.

In ka kama ɗaki, takardu sun kammala, albashin farko ya shigo, sai ka koma kasuwar ka ce a auna maka salmon giram 200. Masu tafiya a wannan zangon kuma, ku zo zaure bayan isha'i kafin in koma, kowa ya taho da tallan ɗakin da yake shirin biya mu duba tare.