Yadda Ɗalibin Likitanci Zai Sama wa Motsa Jiki da Fasaha Gurbi a Makonsa

Karatun likitanci a jami'o'in Najeriya shekara 6 ne, kuma da zarar ɗalibi ya shiga aji biyu ya fara fama da darussan anatomi da fiziyoloji da bayokemistiri, wato ilimin ƙirar jiki da yadda yake aiki da sinadaran cikinsa, abin da yake fara jinginewa shi ne ƙwallon yamma, sannan littafin da yake rubuta waƙa ko yin zane a ciki. Yakan ce zai koma musu bayan jarrabawa, alhali jarrabawar wannan fanni wata na bin wata ne har a kammala. Saboda haka kada ka jira sarari ya samu. Ka ware musu ɗan lokaci ƙanƙani wanda ko makon jarrabawa ba zai iya cinye shi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato minti 30 a kwana biyar, tare da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu. Hanyar da ta fi ɗorewa ita ce ka ɗaura wannan rabin awa a kan lokacin salla, domin jadawalin lacca da na asibiti yana sauyawa duk sa'ad da aka kai ka sabon sashe, amma Asuba tana nan inda take. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, sassarfa bayan Asuba ta fi ta yamma sauƙi ga jiki. Wanda masaukinsa bai yi nisa da asibitin koyarwa ba, ya taka da ƙafa cikin sauri maimakon hawa Adaidaita Sahu, ya kuma riƙa hawa bene ta matakala. Ɗalibar da ba ta son fita fili tana iya yin tsallen igiya a ɗakinta na minti goma sha biyar, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga zuciya. Da azumi kuwa, a mayar da atisayen bayan Tarawihi, a rage nauyinsa.

Ita fasaha tana buƙatar zama guda a mako wanda ba a taɓa shi, misali awa ɗaya da yammacin Juma'a, da kuma ɗan littafi a aljihun farar riga don kama baiti ko jimlar da ta zo a tsakiyar rana. Mai zane ya ci riba biyu, domin wanda ya zana jijiyoyin hannu da kansa ya fi riƙe su fiye da wanda ya kalle su a shafi kawai. Marubuci kuma zai ga cewa ɗaukar tarihin ciwo daga bakin tsohuwa mai kwana-kwanar magana yana koya masa sauraro.

Sai dai a nan akwai iyaka da ba a ƙetarewa. Sirrin majinyaci amana ce, don haka kada sunansa, ko garinsu, ko hotonsa, ko wata alamar da danginsa za su gane shi da ita ta shiga labarinka ko shafinka na Facebook.

Kada kuma ka biya kuɗin waɗannan abubuwa da barcinka, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka karanta da rana. Idan ka kwana a ɗakin haihuwa ko sashen gaggawa, ka bar gudun safiyar nan, ka kwanta, ka ci gaba washegari.