Yadda za a tsara layin dogo daga Damagaram zuwa iyaka

Jama'a, in ana son jirgin ƙasa ya tashi daga Zinder ya bi ta Matamai ya tarad da layin Kano-Maradi wajen Daura, to ba da ƙarfe ake farawa ba, da lissafin kaya ake farawa. A zauna da 'yan kasuwar Dole da direbobin kamiyo da mutanen duwan, a san wake nawa, dabbobi nawa ke ƙetarawa, don kaya ke riƙe jirgi, fasinja kaɗai ba su biyan kuɗinshi.

Sai awon ƙasa. Jirgi ba ya son hawa ko kwana mai tsanani, dole injiniyoyi su kauce ma duwatsunmu, kuma su je da damina su ga inda koramu ke cika kafin su zana gadoji. Wanda ya auna da rani kawai wallahi ruwa zai kwashe aikinshi.

Maganar da ta fi damuna ita ce gonaki. A biya manoma diyya tun katafila ba ta shigo ba, a gaban mai gari, kuma a bar ma makiyaya burtali su ratsa.

Faɗin layi kuwa sai ya zo ɗaya da na Kano-Maradi, milimita 1435, in ba haka ba sai an yi ta sauke kaya ana sake lodi a iyaka.

Daga nan a cike ƙasa a daddanne, a zuba tsakuwa, a jera kwankare, a ɗora ƙarfe. Inda rairayi ke tafiya a dasa itatuwa tun yanzu, kar hunturu ya binne layin.