Yadda ake lissafin gudummawar kowane ɗan kokawa a karawar jami'o'in Amurka

A kokawar gargajiya irin wadda aka sani a Nijar da Sakkwato da Kabi, da an kai mutum ƙasa zance ya ƙare, sai kiɗa da kirari. A jami'o'in Amurka kuwa, kaye mafarin aiki ne. Za a kayar da mutum, ya tashi, a sake kayar da shi, ana ta rubuta maki har lokaci ya cika. Kuma idan jami'a biyu suka haɗu, kowace mutum goma take fitowa da su, a yi kokawa goma ɗaya bayan ɗaya, sannan a tara sakamakon a ce wance ta ci. A nan ne sabon mai kallo yake ruɗewa, domin jami'a tana iya cin kokawa shida cikin goma kuma ta koma gida da kashi. Ga yadda za ka bi lissafin, da biro da takarda a hannu, har ka gane wanda ya ciwo wa jami'arsa nasara da wanda ya zubar mata.

Mataki na 1: Jera ajin nauyi goma

Da laba suke awo. Ajin su ne 125, 133, 141, 149, 157, 165, 174, 184, 197 da 285. Na farko kusan kilo 57 ne, na ƙarshe kusan kilo 129. Rubuta su a jere, ka sa sunan ɗan kokawar kowace jami'a a gefe. Ba dole ne a fara daga mafi ƙanƙanta ba: kocin biyu kan daidaita a kan ajin da za a fara, in ba su daidaita ba a yi ƙuri'a, daga nan a bi jerin a zagayo. Ka lura da wanda zai rufe, don sau da yawa a kansa nauyin yake faɗawa.

Mataki na 2: Riƙe makin cikin fili

Kokawa ɗaya minti bakwai ce, kashi uku: minti uku, biyu, biyu. Wanda ya kayar da abokin karawarsa ya kuma mallake shi a ƙasa yana da maki 3. Na ƙasa in ya suɓuce ya miƙe, maki 1. In ya juye ya koma sama, maki 2. In aka karkata bayan mutum zuwa shimfiɗa aka riƙe shi a haka, maki 2 zuwa 4 ne, gwargwadon daƙiƙun da alƙali ya ƙirga. Akwai kuma agogo na daban da ke auna tsawon lokacin da kowa ya yi yana bisa ɗan'uwansa; wanda ya fi da minti ɗaya ko sama da haka ana ƙara masa maki 1 a ƙarshe. Kada ka raina wannan makin guda, za mu dawo kansa.

Waɗannan duk na mutum ɗaya ne, ba su ake kai wa allon jami'a kai tsaye ba. Tazarar da ke tsakanin mutum biyun ita ce abin dubawa.

Mataki na 3: Mayar da kowace nasara zuwa makin jami'a

Wanda ya ci da tazarar maki 1 zuwa 7 ya kawo wa jami'arsa maki 3. Tazarar 8 zuwa 14, maki 4. In tazara ta kai 15, nan take ake tsayar da kokawar, an yi fintinkau ke nan, maki 5. In kuwa ya danne kafaɗun abokin karawarsa biyu a shimfiɗa na daƙiƙa ɗaya, ko da shi ake bi maki goma a lokacin, ya ci, kuma maki 6 ne. Haka nan maki 6 ake ba wa jami'a idan ɗaya ɓangaren bai fito da kowa ba a wani aji, ko ɗan kokawarsu ya ji rauni ya kasa ci gaba, ko aka kore shi. Wanda ya sha kashi ba ya kawo komai.

Yanzu gwada wannan. Jami'a ta farko ta ci kokawa shida, duk da ƙaramar tazara: 18. Ta biyu ta ci huɗu kacal, amma biyu da danne kafaɗu, ɗaya da fintinkau, ɗaya da ƙaramar tazara: 6 da 6 da 5 da 3, ashirin cif. Huɗu ta doke shida. Maki ukun farko kuɗin kaya ne, kowa ya ci zai samu. Abin da ya hau kai gyara ce, kuma a karawar da ƙarfi ya zo ɗaya, mai gyara ke tafiya da nasara.

Mataki na 4: Raba kokawa goman kashi uku tun kafin a fara

Koci haka yake yi, kai ma ka yi. Sa alama a kan waɗanda jami'ar farko za ta ci ba tantama, da waɗanda ta biyu za ta ci, da waɗanda ba wanda zai iya rantsuwa a kansu. Jerin gwanayen kowane aji da kafafen wasanni ke fitarwa mako-mako zai taimaka maka. Kashi na uku shi ne mai tsada, domin kowace ɗaya maki shida take juyawa, ba uku ba: ukun da ka samu da ukun da ka hana abokin hamayya. In wanda aka cire wa rai ya yi ba-zata ya danne gwani, juyin ya kai tara ko fiye, kuma lissafin koci na mako guda ya rushe cikin daƙiƙa ɗaya.

Mataki na 5: Kalli gwani, amma ba don ko zai ci ba

Kowa ya san zai ci. Tambayar ita ce nawa zai kawo. Gwanin da ke gaba, ana 5 da 1, ya kwanta a kan yaro yana jiran ƙararrawa ya ci wa kansa, amma ya bar wa jami'arsa asara, kuma za ka ga kocinsa a bakin fili yana ɗaga hannu yana cewa ya sake shi.

Sakin nan dabara ce. A ce saura daƙiƙa 25, ana 9 da 2, gwani yana sama. Tazara bakwai ce, maki 3 ke nan ga jami'a. Sai ya janye hannu da gangan ya bar yaron ya miƙe, aka koma 9 da 3. Kafin yaron ya gyara tsayuwa ya sunkuya ya kama ƙafarsa ya sake kai shi ƙasa: 12 da 3. Tazara ta zama tara, jami'a ta samu 4. Ya bayar da ɗaya ya karɓi uku. Kafin kakar 2023 zuwa 2024 kaye maki 2 ne, don haka ribar saki da sake kayarwa maki ɗaya ce rak. Da aka mayar da shi 3 ribar ta ninka, kuma kai wa tazarar 8 ko 15 ya zo kusa da hannu. In kana kallon tsohon bidiyo, ka tuna da wannan bambancin kada lissafinka ya rikice.

A nan ne makin agogon hawa yake aiki. Wanda ke gaba da bakwai, kuma ya riga ya tara fiye da minti ɗaya a sama, ba ya buƙatar kasada. Ya riƙe abin da ke hannunsa kawai, ana busawa za a ƙara masa ɗaya, tazara ta zama takwas. Saboda haka kada ka tsaya ga manyan lambobin allo. Duba ƙaramin agogon da ke gefe.

Mataki na 6: Kalli wanda zai sha kashi

Wannan ne matakin da masu kallo suka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi nuna jami'ar da aka horar da kyau. Kowace jami'a tana da aji biyu ko uku da ta san ba za ta ci ba. Yaron da aka tura can, sau da yawa ɗan shekarar farko ne ko wanda ya maye gurbin mai rauni, ba a ce masa ya ci ba. An ce masa kada a ga bayansa a ƙasa. In ya hana a danne shi, ya ceci maki ɗaya. In ya hana tazara ta kai 15, ya ceci biyu. In ya riƙe ta ƙasa da takwas, ya ceci uku, daidai da abin da abokinsa zai kawo in ya ci tasa kokawar da ƙyar.

Ka sa ido a daƙiƙun ƙarshe. Ana 10 da 2, yaro yana ƙasa, numfashi ya ƙare, gwani ya naɗe masa ƙugu. Sai ka ga ya dafa, ya ɗago gwiwa ɗaya, ya kama yatsun da suka riƙe shi yana ɓamɓarewa, ya juya ya fuskanci abokin karawarsa saura daƙiƙa uku. An tashi 10 da 3. An ɗaga hannun wancan, amma bencin wanda aka kayar ne ya miƙe yana tafi, don sun san maki ɗaya ya dawo aljihu.

Sai dai akwai iyaka. Wanda ya ce zai tsira ta hanyar noƙewa da gudu zuwa bakin da'ira, alƙali zai gargaɗe shi, sannan ya fara ba abokin karawarsa maki, ɗaya, ɗaya, biyu, a karo na biyar a kore shi, shidan da ake gudu su tafi gaba ɗaya. Dole ya riƙa kai hannu yana nuna kokawa yake yi.

Mataki na 7: Kada ka manta da benci

Koci na iya ɗaga ɗan kokawa zuwa ajin da ya fi nasa nauyi, don kauce wa wani gwani ko don toshe gurbi, tunda barin aji babu kowa maki 6 ne kyauta. Kuma rashin ɗa'a daga ɗan wasa ko koci na iya sa a yanke wa jami'a maki daga allonta.

Mataki na 8: Gwada lissafinka da karawar gaske

Ranar 31 ga Janairun 2020, jami'ar Penn State ta koci Cael Sanderson ta je gidan jami'ar Iowa ta koci Tom Brands a zauren Carver-Hawkeye. A aji 125 Spencer Lee ya yi fintinkau, Iowa ta samu 5. A 133 Austin DeSanto na Iowa ya ji rauni a karawarsa da Roman Bravo-Young ya kasa ci gaba, Penn State ta kwashi 6. A 141 Nick Lee na Penn State shi ma ya yi fintinkau, ta ƙara 5, ta kai 11. A cikin haka aka yanke wa Iowa maki ɗaya na hukunci. Kokawa uku kacal, amma duk gyarar daren ta ƙare a nan. Sauran bakwai ɗin kowace maki 3 ta bayar.

Pat Lugo da Kaleb Young suka ciwo wa Iowa 149 da 157. Vincenzo Joseph na Penn State ya doke Alex Marinelli a 165. Sai 174, inda Mark Hall na Penn State yake na ɗaya a ƙasar, Michael Kemerer ya doke shi 11 da 6. Aaron Brooks ya ci 184, Penn State ta kai 17, Iowa na da 13. Jacob Warner na Iowa ya ci 197, aka koma 17 da 16, Tony Cassioppi kuma ya rufe da nasara a ajin manya. Iowa 19, Penn State 17.

Cassioppi ne ya sha tafin ƙarshe, amma duba takardarka. Da Hall ya ci Kemerer, da an tashi Penn State 20, Iowa 16, nasarar Warner da Cassioppi ba ta hana komai ba. Da Spencer Lee ya tsaya a ƙaramar tazara, da maki biyunsa na gyara sun ɓace, an tashi 17 da 17. Haka kuma 'yan Iowa biyu da suka sha kashi a 165 da 184, da kowannensu ya bari tazara ta kai takwas, da Penn State ta kai 19 ita ma. Iowa ta ci kokawa shida, Penn State huɗu, duk da haka maki biyu ne tsakani, saboda biyu daga cikin huɗun nan sun zo da maki 11.

Idan aka yi kunnen doki

Ba a rabuwa a haka. Da farko a duba jami'ar da ta fi yawan kokawar da ta ci. In biyar-biyar ne, a duba wadda ta fi yawan nasarori masu maki 6. In nan ma daidai ne, sai a tara makin cikin fili na sauran kokawar, har da na waɗanda suka sha kashi, wadda ta fi a ƙara mata maki ɗaya a allo. Don haka a takardarka kada ka rubuta 3 ko 4 kawai. Rubuta yadda aka tashi kowace kokawa a gefe, 7 da 5, 10 da 3, domin in ta kai ga wannan mataki su za a ƙirga.